Ƙafar Malam Audi

Gwaggo Fatu ta ɗaga murfin kwanon, ta leƙa, ta mayar da shi da ƙarfi kamar ta ga ɓera a ciki.

"Innalillahi! Kyauta, mene ne wannan kika ajiye wa Yaya?"

"Tuwon dawa ne, Gwaggo."

"Ni za ki nuna wa tuwon dawa? Tun ba a haife ki ba nake tuƙa shi. Wannan dawar ko surfe ba ta gani ba, da dusarta kika kai inji. Dusa, Kyauta! Uban naki rago ne da za a yi wa kiwon layya?"

Malam Audi yana kishingiɗe a falo, ƙafarsa ta hagu naɗe da bandeji bisa matashi. Ya riga ya wanke hannu, har ya yi bisimilla. Ya dubi ƙanwarsa da ta taso tun daga Kurfi domin ta duba shi, ya dubi ɗiyarsa da ke durƙushe, sai ya janye hannun nan a hankali ya ɗora kan cinya.

"Likita ce ta ce a yi haka," in ji Kyauta.

"To, ta je ta yi wa nata uban. Bari Alhaji ya dawo."

* * *

Malam Audi manomi ne na Ɗantutture. Ya tsufa a kan tuwon dawa da gero, da wake, da kwaɗon zogale da rama da tafasa idan damina ta kankama, kuma ƙafa ce motarsa. Babban ɗansa, Alhaji Zaharaddin, ya yi shekaru yana tuƙi a Jidda, ya dawo ya buɗe kantin kayan masarufi a Dutsin-Ma, Allah ya buɗa masa. Sai ya rantse ubansa ya gama wahala, ya je ya ɗauko shi, ya ba 'yan uwa aron gonar. Da mijin Kyauta ya rasu, ita ma ya kawo ta gidan domin ta kula da tsohon.

Kada a zalunci Alhaji, don Allah ya yi. Da safe biredi mai laushi da shayin da cokali ke kusan tsayawa a ciki saboda madara da sukari. Da rana shinkafa 'yar waje, fara tas. Da marece taliya, a kora da lemo mai sanyi. Tsoho ba ya tashi sai dai masallacin ƙofar gida. Mutanen Ɗantutture idan sun shigo cin kasuwar Dutsin-Ma sukan biyo su gaishe shi, su koma suna cewa Malam Audi ya haifu, ɗansa ya hutar da shi.

Ƙishirwa ce ta fara, ga yawan zagawa bayan gida, ga rama duk da wannan daula. Sannan ya yi tuntuɓe a dokin ƙofar masallaci, babban yatsansa ya fashe. Ɗan ciwon da a ƙauye da ya share ya wuce gona, sai ga shi ya ƙi warkewa, ya koma gyambo.

Ranar da Kyauta ta kai shi asibiti Alhaji yana Kano sarin kaya. Likitar ta auna jininsa, ta daɗe tana duban yatsan, ta ce ciwon sukari ne, kuma ya ci jiki.

"Baba, a da can me kake ci a ƙauye?"

Ya lissafa mata, yana ɗan jin kunya.

"To, ka bar magani ka dawo birni kana cin ciwo," in ji ta. "Akwai ƙasashen da biredin da aka bar wa dusarsa ya fi farin daraja, masu hali ke sayensa. Mu nan sai mu cire ta mu ba awaki, mu cinye farin gari zalla. Shi ya sa awakinmu suka fi mu lafiya." Ta juya wajen Kyauta, ta daina murmushi. "Ga magani. Amma ki ji ni da kyau. A rage farar shinkafa da biredi, a daina lemo gaba ɗaya. Dawa da gero ba surfe, wake, ganye mai yawa, tuwon kuma kaɗan. Idan sukarin bai sauka ba, ciwon nan zai hau, kuma ƙafar ba za ta tsira ba."

Kyauta ta riƙe maganar nan kamar wasiyya. Da yake Alhaji a kanti yake cin abincinsa, matarsa kuma ba ruwanta da kwanon suruki, ba wanda ya lura. Tsoho ya ci ya yi santi, ya ce rabonsa da jin abinci ya zauna masa a ciki tun barinsa gida. Bakin gyambon ya fara bushewa. Kyauta kan wanke shi kowace safiya, ta ga jan nama na tasowa, ta ji daɗi har cikin ranta.

* * *

Alhaji Zaharaddin ya shigo bayan la'asar, Gwaggo ta tare shi da kwanon a hannu. Ya dubi tuwon, baƙi-baƙi, mai tsakuwa-tsakuwa, sai jijiyoyin wuyansa suka tashi.

"Ke Kyauta, tozarta ni kika zo yi? Buhunan shinkafa jibge a sito, ki ba Baba dusa? Wallahi a Jidda ko lebura ba a miƙa wa wannan."

"Yaya, ka dubi ƙafar. Don Allah ka buɗe ka duba, ta fara warkewa."

"Magani ne ya warkar da ita, maganin da ni na saya. Gobe Gwaggo ta koma Kurfi, a ji cewa ina sayar wa duniya shinkafa, ubana na cin abincin dabbobi. Da wane ido zan kalli mutane?"

"Mutane za su yi magana su gaji. Ƙafa fa, Yaya?"

"Rufe mini baki! Rai da lafiya na Allah ne, ba na likitarki ba."

Kyauta ta juya ga mahaifinta, tana jiran ya ce wani abu, ko kalma ɗaya. Shi ne mai ƙafar, shi ya ji likita da kunnensa. Amma Malam Audi ya sunkuyar da kai. Ɗan da ya fitar da shi kunya a idon dangi, yau shi zai kunyata a gaban Gwaggonsa?

"Bari, Kyauta," in ji shi. "Yi abin da yayanki ya ce."

Wannan maganar ta fi zagin Gwaggo yi mata ciwo.

Gwaggo kuwa ba ta iya riƙe labari ba. Kafin mako ya zagayo an ji a Kurfi da Ɗantutture cewa Malam Audi na kwance, ɗiyarsa na horar da shi da yunwa. Sai 'yan dubiya suka ɓarke. Kuma wa zai zo dubiya hannu rabbana? Wannan da kwalin lemon gwangwani, wancan da biredi da madara, wata da zuma wai tana tsotse gyambo. Kowa sai ya fasa nasa ya miƙa, ya tsaya ya ga an sha.

Kyauta ta koma roƙo a ɓoye. "Baba, ka ce ka ƙoshi mana."

"Haba ɗiyata. Mutum ya hawo mashin tun daga Kutawa da abinsa, in ce ba na sha? Ai na ci mutuncinsa."

Takan dafa wake da zogale a ɗakinta ta kai masa idan gida ya yi shiru, amma me ɗan kwano ɗaya zai yi? Bushewar nan ta koma ruwa. Yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ya bi. Wata safiya ta kwance bandejin, wari ya buge ta, ta fita tsakar gida ta dafa bango tana kuka ba sauti. Da Alhaji ya ji warin da hancinsa, ba a sake gardama ba. Shi da kansa ya tuƙa su Katsina, yana ta salati a hanya.

A ƙasan gwiwa suka yanke.

* * *

An fara ruwa lokacin da Malam Audi ya farfaɗo sosai. Ta tagar ɗakin asibitin ana jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Alhaji na tsaye a baranda, idanunsa jajir, yana amsa jaje a waya.

"Ƙaddara ce, wallahi. Ba abin da ban yi masa ba. Ba abin da ya nema ya rasa."

Gwaggo Fatu na gefensa tana gyaɗa kai. Ba wanda ya ce da Kyauta ta yi gaskiya, ita ma ba ta nema ba. Gaskiyar me, bayan an binne ƙafar?

Tana zaune a bakin gadon tana yi wa tsohon fifita. Ya daɗe yana kallon hadarin da ke haɗuwa ta gabas.

"Yanzu can gida an yi shuka," in ji shi.

"An yi, Baba."

Can ya yamutsa fuska, ya ɗan motsa cikin mayafi.

"Kyauta, yatsan nan ya dame ni da ƙaiƙayi. Ɗan sosa mini."

"Wanne, Baba?"

"Na hagun mana. Babban."

Ta dubi inda mayafin ya kwanta shafal a kan katifa. Sai ta ajiye maficin, ta miƙa hannu ta fara sosa zanen gadon a hankali.

"Ƙasa kaɗan," in ji Malam Audi, ya lumshe ido.

Ta matsa ƙasa kaɗan.