Sunan Mai Gidan

Zuwaira ta kutsa cikin taron da ke ƙofar gidan hakimi a Dutse, ƙafafunta fari fat da ƙura, cike da murna. Tun asuba ta taso daga ƙauyensu na wajen Jahun. Jiya sanƙira ya yi shela: duk mai ɗan'uwa a gonakin koko na tsibirin Panya, can bayan teku, ya zo ya faɗi sunansa. Bature zai tafi da takardar sunayen, a karɓo mutanen daga hannun masu gona.

Mijinta shekara biyu aka ce zai yi a can, ga ta biyar ta kama. Wani da ya gudo bara ya buɗe wa mutanen ƙauyen bayansa, duk shatar bulala. Ya ce an ƙwace takardunsu, ba mai zuwa bakin jirgi.

Malamin ofis yana zaune a rumfa da babban littafi. Ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, mai gidan ne."

"Sunansa?"

Nan fa ake yin ta. Ina macen kirki ta taɓa kama sunan miji? Shekara tara da aure, ko a mafarki ba ta yi ba.

"Ɗan'inna ake ce masa."

Malam ya bi littafin da yatsa. "Babu. Sunan yanka suka rubuta."

"Dogo ne, yana da tabo a goshi."

"Baiwar Allah, littafi ba ya ganin goshi. Ba namiji a gidan?"

"Duk sun tafi cin rani."

Ta juya wajen jama'a. "Don Allah, ba wanda ya san sunan annabin nan da ya fara ɗinki?"

Dariya ta ɓarke. Wani ya ce Nuhu, wani ya ce Dauda, wani mai dabino ya rantse Yunusa ne. Kowa ya zama malami, ba wanda ya dace.

"Da azahar takarda za ta wuce Kano," in ji malamin. "Wanda ba a kira sunansa ba, sai wani jiƙon. Na gaba."

Tsoro ya kama ta. Ta miƙe tsaye, ta runtse ido.

"Idirisu! Idirisu ɗan Isah maɗinki!"

Har dogarin bakin zaure sai da ya waigo. Yatsan malam ya gangara, ya tsaya.

"Ga shi. Gona ta bakwai. Da ransa a lissafin bana."

Guɗa ta kufce mata tun kafin ya gama sa alama.

Tana fita, wata tsohuwa ta riƙe haɓa. "Ke 'yar nan, sunan miji gatsal a bainar jama'a? Ina kunyarki?"

Zuwaira ta ɗaure zanenta tana dariya, hawaye na zuba.

"Na yi laifi, Iya. Ya dawo ya yi mini faɗan da bakinsa."