Wanda Ya Yi Wa Hafiza Hanya

Ranar da Hafiza ta karɓo takardar kama aikin ungozoma, uwarta Hajo ta ce yau ba za a hura wuta a gidan ba. Ikara za a tafi, gidan abincin Mukarrama da ke bayan tasha, inda sukan ci tuwon shinkafa da miyar taushe duk shekarar da tumatir ya yi musu kyau. Mijin Hajo, Malam Ya'u, bai yi musu ba. Bayan la'asar suka baro ƙauyensu Janfalan su huɗu, shi da Hajo da Hafiza da ƙanwarta Lubna.

Mukarrama ta tarbe su da guɗa, ta haɗa musu tebur biyu kusa da fanka, ta ce farfesun kaza kyautarta ce ga sabuwar ma'aikaciya. Hajo ta zauna tana kallon 'yarta, kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha don daɗi.

An kawo kwanuka ke nan sai ga Alhaji Zakiyyu, yayan Malam Ya'u, ya shigo da abokansa biyu 'yan kasuwar hatsi. Ashe Malam ne ya buga masa waya, don kada ya ji labarin walimar a bakin wani. Aka miƙe aka gaisa, Hafiza ta durƙusa har ƙasa. Alhaji ya zauna a kujerar da ta tashi, ya jawo kwanon farfesun gabansa.

Bai kai loma uku ba ya fara. Ya ce aikin gwamnati yanzu sai mai hanya, kuma shi ne ya ɗauki waya ya kira wani babba a Kaduna, magana ɗaya ya yi aka sa sunan yarinyar. Da ƙarfi yake faɗa, har direbobin da ke cin abinci a bakin ƙofa suka waiwayo. Abokansa suna gyaɗa kai, suna ce wa Malam Ya'u ya gode wa Allah da ya ba shi ɗan'uwa irin wannan.

Hajo ta ajiye lomar da ke hannunta. Wannan Alhajin ne fa, shekarar da Hafiza ta sami gurbin karatu, ya ce bokon ya isa haka, ta zauna ta taya uwarta aikin gida. Ko sunan makarantar bai sani ba. Shekara uku yarinyar nan tana zaryar makaranta. Sau uku ta je Kaduna jarrabawa da ganawa, ranar ƙarshe ta dawo sharkaf da ruwan sama, takardunta a leda cikin hijabi, ta kwana biyu da zazzaɓi. Hajo ta dubi mijinta ko zai ce wani abu. Ya sunkuyar da kai yana gutsurar tuwo. Hafiza kuwa ta cire hannu daga kwano, idonta ya ciko.

Abin da ya fi ƙona wa Hajo rai, ta san gobe mutanen nan za su kai maganar kasuwa. Daga nan matan da za su zo haihuwa su riƙa cewa ungozomar ba ta san komai ba, cusa ta aka yi.

Ta wanke hannu, ta gyara mayafi.

"Yaya, a yi mini afuwa," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Wane babban ne? A gaya mana sunansa, mu je mu yi godiya."

Alhaji ya ce irin waɗannan mutane ba a kama sunansu a cikin taro.

"Haka ne, Yaya. To amma yaushe aka kira shi? Don ranar da sunaye suka fito, a gabana Malam ya gaya maka, ka ce ai ba ka ma san ta nema ba."

Ɗaya daga cikin abokan ya ɗauki kofin zoɓo ya kafa kai. Alhaji bai dubi Hajo ba, ƙaninsa ya juya wa, ya tambaye shi ko haka ya bar gidansa, mace na yanka wa manya magana. Ya miƙe ya kaɗe riga, abokansa suka bi shi. Malam Ya'u ya rufa musu baya yana ba da haƙuri har bakin mota.

Hajo ta ce wa 'ya'yanta su ci abincinsu. Ita kam ba ta ƙara loma ba. Mukarrama ta zo ta kwashe kwanukan baƙin, ta kawo wa Hafiza wani farfesun mai zafi.

A hanyar komawa Malam Ya'u ya ce wa Hajo ba ta kyauta ba, yayansa ne, ko ƙarya ya yi ba a gaban baƙi za a kunyata shi ba. Hajo ta ce gaskiya ne, ba bakinta ya kamata ya faɗa ba, nasa ne, amma ta jira shi ta ga ba shi da niyya.

Bayan kwana uku Malam Ya'u ya sa ta ta je gidan Alhaji. Ta durƙusa ta ba da haƙuri a kan ta yi magana a gaban baƙinsa. Alhaji ya jira ta janye maganar da ta yi, amma sai ta yi sallama ta fito. Ran Litinin Hafiza ta kama aiki, Alhaji kuwa sai da aka yi girbin dawa ya sake taka gidansu.