Makullin da Bai Jiƙe Ba

Da Oduro ya san abin da ke jiransa a bakin tafkin Bosomtwe, da ya ce motarsa ta lalace ya yi zamansa a Kumasi. Amma shekara da shekaru yana cika wa 'yarsa Pokuaa baki cewa shi ɗan tafki ne, a kan padua ya yi wayo, wato falankin katakon nan da masunta ke hawa kamar doki suna tuƙawa da sakaina a hannu. Gaskiya ne a Abono, ƙauyen bakin tafkin, aka yanke masa cibiya. Abin da bai taɓa gaya mata ba shi ne, tun bai iya ɗaura wando ba aka kai shi birni wurin kawunsa, kuma duk ruwan da ya fi na bokiti tsoronsa yake ji.

Ranar hutun Ista bakin ruwa ya cika maƙil. Kiɗa na tashi, mata na suyar karfasa, jirgin inji na ɗibar baƙi yana zagayawa da su. Pokuaa ta ce za ta shiga jirgin, ya ce lodi ya yi yawa. Ta ce to iyo fa, ya ce yanzu ta ci dokunun masara da kifi, ciki zai murɗa.

Suna cikin haka wani ya daka masa duka a kafaɗa. Ampofo ne, ɗan maƙwabtansu na da, wanda yanzu yake ɗora baƙi a kan padua.

"Kai, mutumin birni! Wannan tumbin duk naka ne, ko ajiya aka ba ka?"

"Bar ni, kifin gwangwani. Har yanzu kana nan kana wari?"

"Kawu," in ji Pokuaa, "Paapa ya ce da can duk ya fi ku iya padua."

Ampofo ya dubi Oduro. Sai ya janyo falanki ɗaya, ya miƙa masa sakaina biyu. "To, ranka ya daɗe, a tuna mana."

 Oduro ya ciro waya da makullin mota ya danƙa wa yarinyar, ya naɗe ƙafar wando. Maimakon ya raba ƙafa ya bar su cikin ruwa, sai ya haye ya durƙusa kamar mai shiga kwalekwale. Falankin ya ɗan matsa gaba, ya juye da shi.

Ihun da ya yi har masu kiɗa sai da suka tsaya. Ya kira uwarsa da ta rasu, ya kira Yesu, yana dukan ruwa da hannu bibbiyu. Ampofo ya tako a hankali ya kama shi a wuyan riga ya tsayar da shi. Ruwan iyakarsa ƙugu.

Dariya ta ɓarke. Wata mai suyar kifi ta ce, "Ɗan wa ye wannan? A ce mini ba ɗan garin nan ba ne!" Oduro ya sunkuyar da kai, ruwa na zuba daga hancinsa. Ya kasa duban inda 'yarsa take.

Sai ya ji muryarta ta fi ta kowa.

"Makulli ne! Ya manta da makullin mota a aljihu. Ba ku kuka ce tafkin nan ba ya son ƙarfe ba?"

Dariyar ta ragu. Wata tsohuwa ta gyaɗa kai ta ce ai shi ke nan, yaran yanzu sun manta da komai, tafki kuwa bai manta ba. Ampofo ya kalli jirgin inji da ke wucewa yana tayar da kumfa, ya kalli yarinyar, ya haɗiye abin da ke bakinsa.

Da suka isa gindin mota, Pokuaa ta buɗe hannunta. Makullin a bushe yake ƙayau, har ya yi mata shaida a tafi saboda damƙa.

"Ga shi, Paapa. Ka shimfiɗa zanena a kujera, kar ta jiƙe."

Ya karɓa ya buɗe motar. Suka hau hanyar tudu mai lanƙwasa da ta baro tafkin, ita tana cin sauran kifinta tana kallon ruwan ta taga. Ba ta sake tayar da zancen ba, shi ma bai sake ba ta labarin padua ba. Har yanzu Oduro bai sani ba ko a ranar ta gane cika baki ne, ko ta daɗe da sani tana sauraronsa kawai.