Shahadar Kawu Atiku

Lokacin da akori-kurar ta gama wuntsilawa ta kwanta a gefen hanyar Gummi, Kofur Halliru ya tsinci kansa rub da ciki a gonar dawa, yana laluben bindigar da bai zo da ita ba. Taya ce ta fashe, amma jikinsa bai yarda ba. Ya daka tsawa ya ce kowa ya kwanta. Ba wanda ya kula shi, don kowa a kwance yake.

Halliru ma'aikacin jinya ne na soja, irin masu bin dakaru bakin daga. Tun da ya dawo hutu Bukkuyum barci ya ƙaurace masa. In an buga ƙofa ya zabura, in ya zauna cikin mutane sai ya kafa wa ƙirjinsu ido yana duba yadda suke numfashi. Inna ta ce iska ce ya kwaso a daji, ta haɗa shi da yayanta, Kawu Atiku, su je wajen wani malami a Gummi. Tafiyar ke nan.

Hannuwansa suka riga hankalinsa fara aiki. Haka aka koya masa: mai ihu yana da numfashi, a wuce shi. Wanda ba zai tashi ba ko me aka yi masa, a bar wa Allah. A nemi wanda jini zai kashe yanzu in ba a tare ba.

Wanda ya fara tararwa Kawu ne, buhunan gero sun danne shi. Ya ture buhunan, ya ga yadda kan ya dagargaje, ya buɗa idon, ya saurari numfashin da ke fita da gurnani. Ya san wannan numfashin. Ƙafafunsa suka ɗauke shi suka yi gaba, wurin wani makiyayi da jini ke tsartuwa daga cinyarsa.

"Soja!" in ji direban, yana riƙe da kafaɗa. "Ga kawunka can! Mi kaka yi wurin wanga? Ka san shi?"

Halliru ya warware rawanin mutumin ya ɗaure saman cinyar, ya zura guntun sandarsa a ƙullin ya shiga murɗawa. Warin fetur ya cika masa hanci, sai gonar ta fara rikiɗa. Ƙasar ta koma yashi. Ya ji kansa yana cewa a kira jirgi, yana kiran direban Murtala, alhali Murtala abokin aikinsa ne, kuma a hannunsa ya cika a bakin daga. A bayansa wata murya mai rauni tana kalmar shahada, a hankali, tana tsayawa tana ci gaba. Bai waiwaya ba, don in ya saki sandar jinin zai dawo.

Da jinin ya tsaya, aka ɗora makiyayin a wata mota zuwa asibiti. Halliru ya juya, ya tarar an rufe Kawu da zane.

Kafin magariba an kai shi makwancinsa. A maƙabarta Halliru ya bi waɗanda suka zo daga wurin hatsarin yana tambaya, wa ke kusa da Kawu lokacin da ya cika? Kowa ya dube shi da mamaki.

"Ai mun ga ka nuhe shi," in ji direban. "Shi ya sa munka ja da baya. Ɗa na wurin, wa za shi shiga gabanai?"

Ashe kara suka yi masa, suka bar dattijon shi kaɗai.

Da aka watse, Inna ta aika a kira shi ɗaki. Ya shiga ya durƙusa a bakin tabarma, yana jiran faɗa, don labarin makiyayin ya riga shi isowa gida. Faɗan ma da ta yi shi da ya fi masa sauƙi.

"Wanda ka ɗaure ma ƙahwa, ya rayu?"

"Sun ce yana magana, Inna."

"To madalla. Allah shi ba ka lada." Ta share ido da gefen mayafi. "Abu guda nika tambayarka, Halliru. Yaya ya samu yin shahada?"

Muryar da ya ji tana shahada tana nan cikin kunnensa tar, har inda take tsayawa ta ja numfashi. Ya sake saurarenta ko zai gane mai ita. Wani lokaci ta Kawu ce, da kaushinta na mai cin goro. Wani lokaci ta Murtala ce, wadda ke zuwar masa ko a masallaci, ko a kasuwa. Kuma shi ya san wanda kansa ya dagargaje kamar na Kawu ba ya magana. Ko kuwa yana yi? Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a ƙarƙashin harbi.

Inna tana kallonsa, hannunta a buɗe bisa gwiwa.

"Na ji an yi, Inna," in ji shi.

"Alhamdu lillahi," ta ce, kafaɗunta suka sauka. "Yanzu hankalina ya kwanta. Kai ma je ka ka kwanta."