Lauyan da Bai San Layinmu Ba

Ni na zaɓa wa Mama lauyan da zai sayar mata da gida. Duk wanda ya tambaye ni dalili, cewa nake yi saboda sauri ne. Ƙarya nake yi. Na zaɓe shi ne don bai taɓa taka layinmu ba.

Mama, Enid Holroyd, shekarunta tamanin da ɗaya a lokacin, hamsin daga ciki ta yi su ne a gidan nan na dutse da ke gindin tudu. Hawa biyu ne, ga ɗakin ƙasa da aka haƙa a ƙarƙashin gidan, matakalarsa kuwa a tsaye take ƙyam. Da ta faɗi a kan matakalar karo na biyu, likita bai ɓoye mana ba, ya ce faɗuwa ta uku ba lallai ta tashi ba. Ana cikin haka sai wani ƙaramin gida marar bene ya fito kasuwa, layi biyu tsakaninsa da nawa a Halifax. Masu shi suka karɓi tayinmu, amma suka ce wata uku kacal za su jira, domin su ma akwai gidan da suke son kamawa a gaba. Sai an sayar da na Mama kafin ta samu wancan, in kuwa cinikinmu ya lalace, matakalar nan ce za ta ci gaba da hawa.

"Ki kira Crowther," in ji Mama, tana shafa wa biredi bota. "Ubansa ne ya yi mana takardun gidan nan, shi kuma ya rubuta wasiyyar babanki. Me za mu je nema wurin baƙo?"

"Haba Mama! Mutumin da har yau da zare yake ɗaure takardu? Kafin ya gama shan shayi an sayar wa wani gidan."

"Ke dai ba ki da kunya, Lorraine. Shi fa ya ɗauki akwatin gawar babanki."

"Na sani. Amma ba jana'iza za mu yi ba, gida za mu sayar."

Ta harare ni, ta ci gaba da cin biredinta. Ofishin Mista Crowther yana saman kantin magani a bakin kasuwa, kuma gaskiya ba shi da sauri. Amma ba wannan ne ya dame ni ba. Akwai fom da mai sayar da gida yake cikewa, shafi bayan shafi, a kan katanga da wayar lantarki da ko ana rigima da maƙwabta. A tsakiyarsa akwai tambaya guda: ruwa ya taɓa shiga gidan? A ƙarƙashin layinmu akwai wani tsohon rafi da masu masaƙa suka binne tun kafin a haifi kakata, ba ya kan taswirar da lauyoyi ke nema daga hukuma. Duk bayan shekara uku ko huɗu, in ruwan sama ya yi yawa a lokacin sanyi, sai ya ɓullo a ɗakin ƙasa ya kai gwiwa. Duk ɗan garin ya san da shi. Crowther kuwa, shekarar da Baba ke kwance, da kansa ya zo da dogayen takalman roba ya taya mu jera buhunan yashi. Mutumin da ya tsaya a cikin ruwan ba zai zuba ido in rubuta "a'a" ba.

Sai na nemo wani kamfanin lauyoyi ta intanet, can kudu, inda kullum murya dabam ke ɗaukar waya, kuma lambar fayil suke tambaya kafin suna. Na yi wa ɗakin ƙasa farin fenti sau biyu a cikin watan Yuni, na kai injin zuƙe ruwan Baba garejina. Na zauna a teburin kicin na cike fom ɗin, da na zo kan tambayar na rubuta "a'a" ba tare da ko jinkiri ba, abin da har yau yake ba ni tsoro ke nan. Mama ta sa hannu a inda na ɗora yatsa, ba ta ma ɗauko tabaranta ba.

"Kin dai rubuta komai daidai ko?"

"Komai, Mama."

Masu sayen daga Leeds suka zo, Tamsin da mijinta Callum. Shi direban motar asibiti ne, ba ya magana sai an tambaye shi. Ita kuwa bakinta ba ya hutawa, ga fara'a, irin mutanen da ke sa ka ji kunyar mugun halinka. Labule take ɗinkawa, a falon gidan haya take aikin, ta ce har kan gadonsu yadi ne. Da muka sauka ɗakin ƙasa sai ta tsaya a tsakiya ta buɗe hannuwa.

"Callum, ka gani? Kekunan ɗinki a nan, teburin yanka a can, bandiran yadi a jikin wannan bangon. Kai, har ƙanshin sabon fenti yake!"

Na ce ai Baba ma nan yake 'yan gyare-gyarensa. Wannan gaskiya ne, sai dai ban ce komai nasa a kan bulo yake ɗorawa ba.

Mama ta tsare su da shayi da biskit, ta ba su labarin kowane gida a layin. Ina ta jiran ta ambaci ruwa, amma hirar ta karkata kan itacen tuffa na bayan gida. Da na raka su bakin ƙofa Tamsin ta riƙo hannuna.

"Anti Lorraine, don Allah ki ba mu shawara. Ba mu taɓa sayen gida ba. Mun ga allon wani lauya a saman kantin magani, Crowther. An ce gara a ɗauki ɗan gari, wai ya fi sanin wuri. Yaya yake?"

Da na yi shiru ma da laifina ya ragu. Amma dariya na yi.

"Mutumin kirki ne, ba shi da matsala. Sai dai in kina son ki shiga gidan nan kafin ki yi furfura, ki nemi wani. Mu kanmu da muka san shi shekara da shekaru ba shi muka ɗauka ba."

"Kai, kin cece mu! Ka ji ko, Callum? Na gode, Anti."

Suka ɗauki wani lauya a Leeds wanda dillali ya haɗa su da shi. Ya nemi taswirorinsa, taswirori suka ce layinmu ba ya cikin hatsarin ambaliya, ya karanta fom ɗinmu ya ga "a'a". Mai duba gini ya zo ana tsakiyar zafi, ya ce akwai ɗan danshi irin na tsofaffin gidaje, ya tafi.

Wata Asabar a kasuwa, ina layin mai kifi, na ji an ce, "A'a, 'yar Stan! Ashe kina gari?" Crowther ne yake kirana da sunan Baba, da jakar cefane da tsohuwar hularsa.

"Ina kwana, Mista Crowther."

"Lafiya lau. Na ga allo a ƙofar Enid, har an manna 'an sayar'. Ina ta jiran waya shiru, na ce to, ko an samu saurayi an yar da tsoho."

"Wallahi ba haka ba ne. Abin ne ya zo da gaggawa."

"Kada ki damu, 'yata, tsokanarki nake yi. Ni ma gwiwoyin nan sun gaji da hawa ofis." Ya matso kusa, ya rage murya. "Su waye masu sayen? 'Yan gari?"

"Daga Leeds suke."

"To. An dai gaya musu halin ɗakin ƙasa ko? In mutum ya sani ba wani abu ba ne, bulo huɗu da inji sun isa. Rashin sanin ne ke yin ɓarna."

"Lauyoyi suna kan komai," na ce.

Ya dube ni, ya ɗan daɗe yana dubana. Bai ce na yi ƙarya ba, da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi in gaida Enid, in ce mata zai leƙo ta a sabon gida. Na bar layin ban sayi kifin ba, na zauna a mota ina jin haushinsa, alhali ba abin da ya yi mini.

A ƙarshen Agusta lauyoyi suka yi musayar yarjejeniya ta waya, daga nan ba mai iya janyewa. Na yi tsammanin zan ji sanyi a raina. Ban ji ba.

Ranar miƙa mabuɗi, motar kaya ta tafi da ƙarfe goma, ƙanena ya ɗauki Mama a motarsa. Ni na tsaya in share gidan in kai wa dillali mabuɗai kafin azahar. A kan kantar kicin na tarar da abin da kowane mai barin gida ke ajiye wa mai shigowa: kwalbar giya, da fakitin ganyen shayi, da wasiƙa. Ban san lokacin da Mama ta rubuta ta ba. Ba ta liƙe ambulan ɗin ba, sai na buɗe.

Rubutun nan nata ne mai karkata. Ta ce ranar Talata ake kwashe shara. Makunnin ruwa yana ƙarƙashin wurin wanke-wanke, sai an danna shi kafin ya juya. Maƙwabciyar dama kurma ce, a buga mata ƙofa da ƙarfi. Tuffa tana nuna a ƙarshen Satumba, ta fi daɗi a dafe. Sai shafi na biyu:

"'Yata, na san Lorraine ta rubuta muku zancen ruwan da ke shiga ɗakin ƙasa a takarda, amma takarda dabam, wanda ya zauna dabam. In aka yi kwana uku ana ruwa ba tsayawa, ki leƙa magudanar da ke gaban gida mai lamba tara. In kin ga tana tafasa, kina da kamar awa shida. Ki kwashe yadinki ki hau da su sama, kekunan ki ɗora a kan bulo. Kada ki ji tsoro, kwana biyu yake yi ya janye. Mun yi shekara hamsin da shi, bai taɓa cin mana ko tsinke ba, don mun san lokacinsa."

Na zauna a ƙasa, tunda ba kujera. Wannan shafin shi ne duk abin da yarinyar nan take buƙata. Shi ne kuma shaidar cewa fom ɗin da Mama ta sa wa hannu ƙarya ne, da rubutunta, da sunanta a ƙasa. Ba ni za a kai kotu ba, ita za a kai. Na hango ta a gaban lauyoyi tana cewa ita ba ta karanta ba, 'yarta ce ta nuna mata wurin sa hannu. Na yi kuka a kicin ɗin nan, kukan tausayin kaina, wanda ya fi kowane kuka arha.

Shafin farko ya ƙare a kan maganar tuffa, ba wanda zai ce akwai ci gaba. Na mayar da shi cikin ambulan, na jingina da kwalbar. Na biyun na ninke na sa a aljihu. Ƙarfe sha biyu saura na miƙa mabuɗai.

Mama ta ji daɗin sabon gida. Ta daina riƙe bango in tana tafiya, ta sa an kafa mata kujera a bakin taga. Tamsin ta aiko mata da kati da hoton ɗakin ɗinki, bandiran yadi jere a ƙasa reras, har da na wani otal da ya ba ta aikin labulen ɗakuna arba'in. Mama ta kafa katin a kan talabijin. Sau uku ina ɗaukar waya in kira yarinyar, sau uku ina ajiyewa. Kullum sai in ce wa kaina wataƙila bana ba zai zo ba.

A sati na biyu na Nuwamba aka fara ruwa ranar Lahadi. Ranar Laraba da rana na kai wa Mama miya, ana nan ana yi. Na same ta a bakin taga, ta lulluɓe ƙafafu da bargo, tana kallon yadda ruwan ke gudu a kwalta.

"Yau kwana huɗu," ta ce. "Magudanar lamba tara ta fara tun jiya, ko shakka babu."

Na ajiye kwanon, na shiga neman cokali a inda na san ba ya nan.

"Kin dai bar mata wasiƙar a inda za ta gani ko?"

"Na bari, Mama."

"Madalla." Ta gyara bargonta, ta yi ajiyar zuciya. "To ai shi ke nan, hankalina ya kwanta. War haka ta gama kwashe kayanta."