Shekara Shida Ba Gishiri

…wai kuma ta zauna ta kwantar da hankalinta. Nas ɗin ce ta ce haka, yarinyar da ba ta wuce sa'ar 'yarta ba. Ta kwantar da shi a ina? A kan wannan bencin ƙarfen? Mijinta na bayan ƙofar can, an manna masa wayoyi a ƙirji, ita kuwa an miƙo mata kayansa a leda kamar wadda ta zo karɓar wanki.

Shekara shida. Shekara shida ke nan tun da likita ya ce jininsa ya hau. A rage gishiri, a rage maiƙo, a bar taba, a riƙa takawa a ƙasa, ga ƙwaya kullum da safe. Wa ya ɗauki maganar a ka? Shi? Ita ce! Tukunya biyu take ɗorawa, tasa daban, lami. Ta bar keken ɗinkinta, masu kaya na jira, ta tisa shi gaba su zagaya unguwa, yana tafe yana mita. Ya laƙaba mata "Sajan", yara suka ɗauka. Uwarsa kuwa — kin mayar mini da ɗa tsinke, mutum da gidansa a hana shi ɗanɗano? Ta haɗiye. Duk ta haɗiye.

To ga shi nan. Ya faɗi a gareji da hantsi, sifana a hannu, gefen motar mutane. Wansa fa? Taba a baki tun suna samari, tumbi har cinya, ga shi can bakin taga yana waya da ƙarfi, garau. Ina amfanin? A gaya mata ina amfanin! Bari likitan ya fito. Ta san ma abin da zai ce, da muryar nan tasa mai sanyi: magani rage haɗari yake yi, Mama, ba kawar da shi ba. Ragewa… Wannan ne ragewar?

Hannunta ba ya iya zama haka kawai. Tana zaro rigar aikin daga leda, tana ninkewa. Warin baƙin mai. Ga aljihun ciki da ta ɗinka masa da kanta saboda waya — me ke ciki haka?

Ƙullin takarda.

Ƙwayoyi. Farare, ƙanana, wasu sun marmashe, wasu da shatin yatsa baƙi. Ta san su. Ita ba za ta san su ba? Ita ke ɓare su, ita ke sa masa a tafin hannu, ga kofin ruwa, ya kai hannu baki, ya ɗaga kai, maƙoshi ya motsa — an cika umarni, Sajan! Har da sara mata. Ita kuma tana dariya. Dariya!

Tun yaushe? Wata ɗaya? Uku? Wannan ƙullin ne kaɗai, ko sauran suna cikin kwata? Amana ke nan? Shekara ashirin da bakwai da aure, ka dubi ƙwayar idona ka sha ruwa zalla? Da ka ce ba ka sha, ai da mun yi faɗa, da na kira yayarka, da na…

Ai ya taɓa faɗa mata, wata safiya.

Yana ɗaure takalmi, bai ko ɗago ba. Maganin nan na sa ni jiri idan na miƙe daga ƙarƙashin mota. Ita tana neman almakashi. Jiri ya fi kabari, raki ne kawai irin naka. Abin da ta ce ke nan. Ba ta ce mu koma wurin likita a canza ba. Bai sake tayar da maganar ba, ita kuma ta ɗauka ya wuce.

A'a. A'a, ba za a ɗora mata ba. Yaro ne shi? Ba shi da baki? Ba shi da ƙafar zuwa asibiti? Gemunsa fari fat, sai ɓoye magani kamar ɗan firamare…

Da ya sha, da bai faɗi ba? Ko da ma zai faɗin? Wa zai gaya mata yanzu? Babu. Ya lalata tambayar ma.

"Mama, ya farfaɗo. Ke yake nema."

Dole likita ya ga wannan, dole. A gaban wansa? Kafin azahar labari ya kai kunnen uwarsa — ga mai tsaron, ga abin da aka tsare. Ƙwayoyin na narkewa a gumin hannunta. Nas na riƙe da ƙofa, tana jira. Ta shiga ta ce masa me? Sannu? Ko…

Ta ƙara damƙe ƙullin, tana nan zaune a kan bencin.