Ra'ayin Baba a Kan Kaboyin Kwatarkwashi

A daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni, kuma har yanzu ban gama dawowa ba.

Na ga kaina a gindin dutsen Kwatarkwashi da rana tsaka, sanye da kayan da na yi fim da su: hula mai faɗin baki, takalmin fata har gwiwa, da bindigar katako a ƙugu. Ni ne Mudi, ɗan wasan barkwanci, fim ɗin kuma nawa ne, sunansa Kaboyin Kwatarkwashi. Tsokanar finafinan kaboyi muka yi a ciki. Jarumin fim ɗin, jaki yake hawa, bindigarsa gyaɗa take harbawa, kuma duk inda ya juya sai ya sha ƙasa. Mahaifina, Malam Nomau mai gyaran keke, duk unguwarmu a Gusau an san shi da son kaboyi, shi ya riƙa ɗora ni a wuya yana kai ni sinima ina ƙarami. Ranar da na gaya masa zan mayar da kaboyi abin dariya, ya ɗago ya dube ni ya ce "To," ya koma kan tayar da yake liƙewa. Ya rasu da damina, kafin mu gama haɗa fim ɗin, sai wannan "To" ta zauna mini a ƙirji. Ban sani ba ko ya ji daɗi, ko kuwa na wulaƙanta masa abin da yake ƙauna.

A gabana ga ƙofa tsaye ita kaɗai, ba bango hagu ba bango dama. Mai tsaronta jakin da na hau a fim ne, wanda muka raɗa wa suna Walƙiya saboda tsabar nawarsa. Yana zaune a kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ko gaisuwata bai amsa da kyau ba, ɗan rainin wayo, kamar ba ni na riƙa saya masa dusa ba. Ya ce a nan ba a shiga da tikiti, inuwa ake cirewa a ajiye a bakin ƙofa. Na duba gefe, sai ga inuwoyin mutane an jera su kamar takalma a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Na cire tawa na ninke na ajiye.

"Ka san dokar gidan?" in ji Walƙiya.

Na ce ban sani ba.

"Fim ba ya ƙarewa sai kowane ɗan kallo ya faɗi ra'ayinsa. Kafin nan ɗan wasa yana nan inda hoto ya tsaya."

Na tura ƙofar na shiga. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. 'Yan kallo sun cika fili tun daga gindin dutse har inda sama ta taɓa ƙasa, mutane da dawakai da ungulaye, ga itatuwan kuka sun tako daga daji sun zauna can baya don kada su tare wa kowa. Wata tsohuwa ta miƙe ta ce haske ya yi yawa, ta miƙa hannu ta rufe rana da faifai. Nan take hoto ya fito a jikin dutsen, daga ƙasa har ƙololuwa, gashin bakina kaɗai ya kai tsawon titi. Tsoro da daɗi suka kama ni lokaci guda, na rasa wanda zan fara ji.

A ƙasar nan dariya da ido ake ganinta. Da aka zo wurin da na shiga rumfar mai fura ina taƙama, ƙofa ta dawo ta make ni a hanci, sai na ga dariya tana fita daga bakunan jama'a tana hawa sama, ta yara ruwan ɗorawa, ta mata ja, ta tsofaffi shuɗiya. Ta taru a sama ta zama gajimare, tsuntsaye suna shiga ciki suna fitowa da launi a fukafukai. Na tsaya baki buɗe ina tasbihi, har na manta ni ake yi wa.

Sai kawai na ji ni a cikin fim ɗin, a bayan Walƙiya, a fitowa ta ƙarshe. Bos ɗin fim, wani ƙato mai baƙar hula, ya yi atishawa, jaki ya ja birki, ni kuma na wuce ta saman kunnuwansa na nufi kududdufi. Hulata ta tashi gefe. A nan hoto ya tsaya. Na maƙale a iska, ƙafafu sama kai ƙasa, taɓo yana jirana, 'yan kallo duk ina ganinsu a kife.

Wani ingarma mai tabarau ya fara magana. Ya ce shi dai an ci mutuncin dawakai, tun da ake kaboyi ba a taɓa ba jaki aikin doki ba, amma zai dawo gobe da iyalinsa don su ma su ji haushi. Wata ungulu ta ce fim ɗin ɓata lokaci ne, an yi ta harbi tun farko har ƙarshe ba a samu gawa ko ɗaya ba. Tabawa mai fura ta ce faɗan da aka yi a rumfa ya yi kyau, sai dai duk wanda ya dama furar nan bai iya ba, daga nan tana hango gudaji. Wata kuka ta ce ta yi dariya har 'ya'yanta sun zube, kuma ba ta yafe ba. Wani mutum da ya yi barci tun farkon fim ya ce tsakiyar ta fi ko'ina ma'ana. Har ƙwayar gyaɗar da na harba ta hau kan benci ta ce rawar da aka ba ta ta yi gajarta.

Duk wanda ya faɗi nasa sai ya je ƙofa ya ɗauki inuwarsa ya saka ya tafi. Haka aka yi ta yi, ina rataye, har gemu ya fito mini ya yi tsawo ya nufi taɓo. Fili ya yi ta raguwa, itatuwan kuka suka koma daji, gajimaren dariya ya watse. Amma hoto bai motsa ba.

Walƙiya ya juyo da kai ya ce saura mutum ɗaya. Ya ce wannan tun kafin a kafa dutsen yake zaune, bai yi dariya ba, bai ce uffan ba, kuma ba ya sauri, don ba shi da inuwar da zai karɓa a ƙofa.

Can ƙarshen fili na hango shi shi kaɗai a kan benci, da tsohuwar rigarsa ta aiki, hannayensa baƙi ƙirin da man keke. Babana ne. Na ji gara in dawwama a rataye da in ji ya ce na ba shi kunya, amma bakina ya riga ni.

"Baba, kai kaɗai ka rage."

Ya miƙe a hankali ya tako. Da ya iso dutsen bai tsaya ba, ya hau jikinsa yana tafiya kamar a tsakar gida, har ya shigo cikin hoto. Ya zagaya ni, ya duba takalmin, ya ɗaga bindigar katako ya auna nauyinta ya mayar. Sannan ya karkata kai don fuskarmu ta daidaita. Ya ce ya ga kaboyi ya faɗo daga jirgin ƙasa, ya ga ya faɗo daga kan tsauni, ya ga an jefo shi ta taga, faɗuwa ba ta taɓa rage wa kaboyi komai ba.

"Amma Mudi, hularsa ba ta faɗuwa."

Ya miƙa hannu ya kamo hular daga iska, ya kaɗe ta, ya sa mini, ya ɗaure igiyar a ƙarƙashin haɓata da kyau. Na ji ƙanshin man keke a yatsunsa. Ya ja da baya ya dube ni sama da ƙasa.

"Yauwa. To, faɗi."

Hoto ya motsa. Na faɗa kududdufi da ka, tsundum, taɓo ya tashi har ya fantsama a jikin sama. Na ɗago jagab, kwaɗo a kafaɗa, hula daram a kaina. Sai Baba ya fashe da dariya. Irin tasa ce sak, ta taso daga ciki ta sarƙe, ya yi tari, ta sake tasowa. Na ga tana hawa sama fara fat, ta ture faifan da ke kan rana, haske ya zubo a kan dutse da fili da mu duka. Ya riƙe ciki yana nuna ni da yatsa, hawaye na zubo masa, ni ma nawa suna wanke mini taɓo. Ta taso, ta sarƙe, ta sake tasowa.

Na buɗe ido gari ya waye. Ilu mai shagon da ke jikin tagata ne yake jan igiyar tsohon janaretonsa, ya yi gur-gur-gur ya sarƙe, ya yi tari ya mutu, ya sake ja. Na lumshe ido na kwanta shiru, ina roƙon Allah kada injin nan ya tashi da wuri.